Makonnin Farko a Ajin Ƙirƙirarriyar Basira

Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen Nuwamban 2022, kwas ɗin gabatarwa ga ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ya zama abin rububi a sashen kimiyyar kwamfuta. Ina cikin masu taimaka wa lakcara a wannan kwas a wata jami'a a nan Arewa. Ni ke zama da ɗalibai a ɗakin kwamfuta, ni ke karɓar jinga, kuma ni ake kawo wa kuka idan kod ya ƙi tashi. Abin da nake gani kowane zango bai cika sauyawa ba. Yawancin ɗalibai suna shigowa ne da tsammanin za a koya musu yadda ake sa manhaja ta rubuta wasiƙar neman aiki, ko yadda ake haɗa hoton mutum yana musabaha da shugaban da bai taɓa gani ba. Masu dogon buri kuma so suke kafin hutu su ƙera mutum-mutumi mai kai shayi falo. Sai a raba jadawalin kwas, su ga makon farko tarihi, na biyu taswira, na gaba wasan dara, tsakiyar zango kuma lissafi zalla. Nan take jiki ya yi sanyi.

Ba ruɗin su aka yi ba. Kwas ɗin gabatarwa, a Kano ake yin sa ko a Kalifoniya, abu guda yake son cusa wa ɗalibi: ya ɗauki matsalar da mutum ke warwarewa da hankalinsa ba tare da ya lura ba, ya fayyace ta filla-filla har abin da ba shi da hankali ko ƙwayar zarra ya iya bi ya kai ga amsa. Mu mutane da "ai ka gane" muke rayuwa. Kwamfuta ba ta da wannan. Duk abin da ka bari a zuci ba ka faɗa ba, a wurinta babu shi. Ɗalibin da ya kama wannan tun a makon biyu ya huta. Wanda bai kama ba zai yi ta jiran ranar da za a fara "ainihin AI" har jarrabawa ta riske shi.

Makon tarihi ɗalibai kan mai da shi lokacin duba waya, amma akwai abin ɗauka a ciki. A 1950 Alan Turing, masanin lissafi ɗan Ingila, ya wallafa maƙalar da ta yi tambaya ko na'ura za ta iya tunani, ya kuma kawo gwajin nan da ake kira da sunansa: mutum ya yi hira a rubuce da wanda ba ya gani, a duba ko zai iya bambance na'ura da ɗan'adam. A 1956 John McCarthy da Marvin Minsky da Claude Shannon da wasu suka taru a Kwalejin Dartmouth da ke Amurka. Takardar da suka rubuta ta neman kuɗin taron ta nuna suna ganin mutum goma cikin wata biyu za su yi gagarumin ci gaba. Aikin ya fi ƙarfin wata biyu nesa ba kusa ba. A 1973 rahoton James Lighthill ya sa Birtaniya ta janye mafi yawan tallafin da take bai wa fannin, aka shiga shekarun ƙamfar kuɗi. Wato dai fannin ya girmi 'yancin kan Najeriya, kuma an sha yi masa kirarin da ya wuce ƙarfinsa. Wanda ya san haka ba zai ruɗe da kowane bidiyon da aka turo masa a WhatsApp ba.

Littafin da ɗimbin jami'o'in duniya ke dogara da shi na Stuart Russell ne da Peter Norvig, mai suna Artificial Intelligence: A Modern Approach. Ya fara fitowa a 1995, bugu na huɗu kuma a 2020, kuma ya haura shafi dubu. Kada girmansa ya firgita ka, kuma kada ka ce sai ka karance shi daga bango zuwa bango. Babu lakcaran da ke gama shi a zango guda. Ka nemi jadawalin kwas, ka ga babukan da aka zaɓa, ka karanta kowanne kafin a shiga lakcarsa ko da rabi za ka fahimta. Ƴan takardun da ake bugawa a shagon hoto a raba a aji ba su isa ba, don su taƙaitawa ce ga wanda ya riga ya karanta.

A cikin littafin akwai taswirar ƙasar Romaniya da ta shahara, inda ake neman hanya daga garin Arad zuwa Bukares. Ni nakan goge ta in zana tamu a allo: kana Kano, kana son zuwa Sakkwato. Sai in ce kowa ya rufe kwamfutarsa ya ɗauko biro da takarda.

Tambaya ta farko ita ce, mece ce matsalar? Kowa ya ce, "Malam, ai zuwa Sakkwato." To, a fayyace. Ina kake yanzu? Kano. Daga inda kake, waɗanne matakai za ka iya ɗauka? Kana iya kama hanyar Zariya, ko ta Gwarzo, ko ta Bichi, ko ta Wudil. Ta yaya za ka san ka iso? Idan garin da kake ciki sunansa Sakkwato. Nawa kowane mataki ke ci? Nisan da ke tsakanin gari da gari. Waɗannan huɗun, wato mafari da matakai da manufa da tsada, su ne ƙashin bayan kusan sulusin kwas ɗin. Direban da ke lodi a tasha ya san hanyarsa ba tare da ya yi wannan lissafi ba. Na'ura kuwa ba ta san Sakkwato na yamma ba. A wurinta Wudil da Gwarzo duk ɗaya ne, sunaye biyu a jeri.

Daga nan sai a gwada dabarun lalube. Akwai laluben zurfi: ka kama hanya guda ka bi ta har ƙarshe kafin ka waiwayo. Idan tsautsayi ya sa na'urar ta fara da Wudil, sai ta zarce Azare, ta wuce Potiskum da Damaturu, ta dangana da Maiduguri tana neman Sakkwato. Aji ya kwashe da dariya, amma ba ta yi laifi ba, abin da aka ce ta yi ke nan. Akwai laluben faɗi: ka duba duk garuruwan da ke maƙwabtaka da Kano, sannan maƙwabtan maƙwabta, kana faɗaɗa da'ira har ka ci karo da inda za ka. Wannan ba ya ɓata, sai dai yana cin wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, don dole ta riƙe duk garuruwan da ke jiran a duba su. Sannan akwai wadda ke fifita hanyar da ta fi arha zuwa yanzu, wadda ta yi daidai da dabarar da Edsger Dijkstra ɗan ƙasar Holan ya wallafa a 1959.

Abin da ya fi burge ni, kuma har yau ban gaji da koyar da shi ba, shi ne dabarar da ake kira A*. Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael ne suka fitar da ita a 1968 a Cibiyar Bincike ta Stanford, lokacin da ake aikin wani mutum-mutumi mai suna Shakey da ake son ya nemi hanyarsa tsakanin ɗakuna. Tunanin mai sauƙi ne. A kowane gari ka haɗa lamba biyu: nisan da ka riga ka ci daga Kano, da ƙiyasin nisan da ya rage zuwa Sakkwato. Ƙiyasin kuma ka ɗauke shi a miƙe, kamar ka ɗora rula a kan taswira. Garin da jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi za ka fara dubawa. Da wannan ɗan ƙiyasi kaɗai sai na'urar ta daina kallon Wudil, ta karkata Gwarzo, Malumfashi, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara. Kuma akwai hujjar lissafi da ke tabbatar da cewa muddin ƙiyasinka bai taɓa zarce nisan gaskiya ba, hanyar da za ta fitar ita ce mafi gajarta. Layin rula ba zai taɓa fin kwalta tsawo ba, shi ya sa ya dace. Wannan hujja tana fitowa a jarrabawa, kuma haddace ta ba ya amfani. Sai ka zauna ka gwada ƙiyasin da ya yi ƙari, ka ga da idonka yadda yake sa na'ura ta tsallake hanya mai kyau.

Wata rana ina cikin wannan bayani wata ɗaliba ƴar Zamfara ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, a yi haƙuri. Mu fa idan za mu gida ba gajartar hanya muke dubawa ba. Baba cewa yake a tambayi direbobi wace hanya ce lafiya yau, kuma kada a kai la'asar a wasu wurare." Na ce, "Malama, zo ki karɓi alli." Ta fito, muka goge kilomitocin da ke kan layukan, ta fara sa wa kowace hanya lamba gwargwadon haɗarinta da lalacewarta da lokacin da za a bi ta. Da muka sake bin dabarar sai ta fitar da wata hanyar daban. Ba mu taɓa ko harafi ɗaya a dabarar ba, ma'anar "tsada" kawai muka sauya. Wannan shi ne darasi mafi nauyi a makonnin farko. Na'ura tana rage abin da aka ce ta rage ne, ko ta ƙara abin da aka ce ta ƙara. Wanda ya zaɓi abin da za a auna shi ne ya yanke hukunci, kuma mutum ne, da iliminsa da son ransa. Duk muhawarar da za a yi a ƙarshen zango kan adalcin AI da wariyar da take yi wa wasu mutane, tushenta na nan a wannan allo.

Sai jingar farko, inda ido ke raina fata. Ana ba da ita ne da yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, kuma shi ne yaren da fannin ya fi amfani da shi a yau. Lakcaran AI ba zai koya maka Python ba. Yana ɗauka ka zo da shi daga aji ɗaya ko biyu. To amma mun san yadda ake cin waɗancan kwasa-kwasan: a rubuta kod a takardar jarrabawa, a samu maki, ba tare da an taɓa ganin ya yi aiki a kwamfuta ba. Idan kana cikin waɗannan, kada ka jira. Tun kafin a dawo hutu ka zauna ka iya abubuwa ƙalilan da hannunka: jerin abubuwa, ƙamus mai haɗa suna da ƙima, maimaita umarni, rubuta aiki mai karɓar abu ya mayar da amsa, da aikin da ke kiran kansa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba mutane wuya, kuma ba za ka tsallake shi ba, don wasan dara na nan tafe.

Kuskuren da na fi gani a jingar farko guda ne, har na san sautinsa. Ɗalibi ya rubuta lalubensa, ya danna, allo ya yi shiru. Can sai fankar kwamfutar ta fara gurnani, ƙasanta ya ɗau zafi, linzami ya daskare. "Malam, ta ci bairos." Ba bairos ba ne. Ka manta ka ce mata ta riƙa ajiye sunayen garuruwan da ta riga ta shiga. Ta tashi daga Kano ta je Zariya, a Zariya ta ga akwai hanyar Kano, ta koma, a Kano ta ga hanyar Zariya, haka za ta yi ta safa da marwa har ƙwaƙwalwarta ta cika. Layi biyu ne gyaran. Amma nakan hana ɗalibi taɓa kod ɗin sai ya bi shi da biro a kan garuruwa huɗu, yana rubuta abin da ke cikin jeri a kowane zagaye. Yawanci kafin zagaye na uku yakan dafe kai ya ce, "Kai! Na gani."

Maganar kayan aiki kuwa, kada wani ya tsorata ka da cewa sai kwamfutar miliyoyi. Domin kwas ɗin gabatarwa, laftof na hannu mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8 ya wadatar. Abin da za ka fi dubawa wurin saye shi ne batir, don wuta ba ta da alƙawari, kuma an fi ɗauke ta daren da za a miƙa jinga. Ayyukan da ke buƙatar na'ura mai ƙarfi ana iya yin su a Google Colab, wanda ke ba ka aron kwamfuta ta intanet kyauta, kai dai ka tanadi data. Na ga ɗaliban da suka fara koyon Python a waya da manhajar Pydroid kafin su samu laftof. Da wahala, amma ya fi zama. Sannan ka riƙa ajiye kwafin aikinka a wani wuri, ko a imel ɗinka ne ko a GitHub. Uzurin "filashina ya ɓata" ya tsufa, babu lakcaran da ke saurarensa.

Bayan taswira sai wasa da abokin hamayya. A nan nakan kawo darar da dattawa ke yi a ƙasa gindin bishiya, mai gida talatin, kowane ɗan wasa da ƴaƴa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Bambancinta da tafiya Sakkwato shi ne akwai wani da ke zaune gabanka yana son ka faɗi. Dabarar da ake koyarwa, minimaks, ita ce abin da gwanin dara ke yi a zuci: idan na sa nan, zai sa can, ni kuma in sa nan. Na'ura tana zana duk rassan yiwuwar, tana ɗauka cewa abokin wasa kullum zai zaɓi abin da ya fi cutar da ita, sannan ta zaɓi reshen da cutarsa ta fi sauƙi. Matsalar ita ce yawan rassan. A sawun farko kana da gida 30 da za ka zaɓa, abokinka 29, kai 28, shi 27. Ka ninka su: 657,720, kuma ƴaƴa huɗu kawai aka ajiye. Shannon ya taɓa ƙiyasta cewa wasannin ces da za a iya bugawa sun kai 1 da sifili 120 a bayansa. Babu na'urar da za ta ƙirga wannan. Don haka ake koyon datse rassan da aka tabbatar ba za su sauya hukunci ba, da kuma tsayawa a wani zurfi a auna allo da ƙiyasi: wa ya fi ƴaƴa, wa ya fi kusa da jera uku. Da irin wannan tunani, da na'ura mai matuƙar sauri, Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran ces na duniya Garry Kasparov a 1997. AlphaGo da ta doke Lee Sedol ci 4 da 1 a wasan Go a 2016 ta haɗa lalube ne da koyo daga bayanai. Ɗalibin da ya rubuta ɗan ƙaramin minimaks ya ga ya kasa cin abin da shi da kansa ya rubuta, ranar ba ya son barin ɗakin kwamfuta.

Akwai mako guda ko biyu kan matsalolin sharuɗɗa, irin su tsara jadawalin jarrabawa ta yadda ɗalibi ba zai samu biyu a lokaci ɗaya ba, ko shafa wa jihohi launi a taswira ba tare da Kano ta yi launi ɗaya da Katsina ko Jigawa ko Bauchi ko Kaduna ba. Akwai kuma ɗan mantiƙi. Waɗannan ba su cika kayar da mutane ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin yiwuwa. A nan maki ke zubewa, kuma a nan nake ganin waɗanda suka iya kod sosai suna zufa. Duniya ba taswira ba ce da komai yake a bayyane. Likita ba ya ganin cuta, alamu yake gani. Na'ura ma dole ta yanke hukunci da rabin sani, kuma makaminta shi ne ƙa'idar Thomas Bayes, wani limamin coci ɗan Ingila da aka wallafa aikinsa a 1763 bayan rasuwarsa. Ga misalin da nake ƙirƙira a aji don gwada su. Mu ɗauka a gari mai mutum 1,000, mutum 10 ne ke da wata cuta. Akwai gwajin da ke gano 9 cikin waɗannan 10. Amma cikin masu lafiya, yana yi wa 10 cikin kowane 100 ƙarya ya ce suna da ita. An gwada ka, an ce kana da cutar. Mene ne yiwuwar da gaske kana da ita? Kusan duk ajin zai ce 90 cikin 100. To a ƙirga. Masu lafiya 990 ne, gwajin zai yi wa 99 daga cikinsu ƙarya. Haɗa da 9 na gaskiya, mutum 108 ke nan aka ce suna da cutar, alhali 9 ne kawai ke da ita. Kusan 8 cikin 100. Aji ya yi tsit, wani ya ce a sake. A sake, amsar ba ta sauya ba. Hankalinmu na yau da kullum yana mantawa da tambayar farko, wato tun asali cutar ta yawaita ko ba ta yawaita ba. Shawarata ita ce duk tambayar da aka ba ka ta wannan fanni, kafin ka taɓa alamomin lissafi, ka mayar da ita mutane dubu ka ƙirga su. Ka kuma tona littafin lissafinka na aji ɗaya ka sabunta ninka jadawalin lambobi da ɗan kalkulas, don makonnin ƙarshe za su nema.

Dole in taɓo abin da kowa ke yi a ɓoye. Duk jingar da na ambata, ChatGPT da ƴan uwanta za su rubuta maka ita cikin daƙiƙoƙi, kuma galibi daidai, don tambayoyi ne da aka warware sau dubbai a intanet. Ba na cikin masu cewa a haramta su. Abin dariya ne a hana ɗalibin AI taɓa AI. Amma ka san abin da kake saya da abin da kake sayarwa. Makin jinga kaɗan ne, jarrabawa ce ke ɗauke da kaso mafi girma, kuma a zauren jarrabawa daga kai sai biro, an zana maka bishiya an ce ka nuna rassan da za a datse. Ni idan aka kawo mini kod mai tsabta fiye da kima, tambaya ɗaya nake yi: "Idan na goge wannan layin, me zai faru?" Wanda ya rubuta da kansa zai amsa kafin in rufe baki. Wanda aka rubuta wa sai ya fara kallon silin. Hanyar da na ga tana amfani ita ce ka rubuta naka tukuna, komai muninsa. Idan ya maƙale, ka tambayi manhajar ma'anar saƙon kuskuren, ko ka ce ta yi maka bayanin dabarar da wani misali dabam. Kuma ka tambayi lakcaranka tun makon farko mene ne ya halatta a kwas ɗinsa, don kowa da dokarsa, kuma hukuncin satar amsa a jami'a ba wasa ba ne. Haka aikin rukuni: idan ku biyar ne mutum ɗaya ya yi, sauran suka haɗa kuɗin buga takarda, to mutum ɗaya ne ya yi kwas ɗin.

Sai a makonnin ƙarshe ake isa wurin da ɗalibai suka zo dominsa, wato koyon na'ura, inda maimakon ka rubuta mata ƙa'idoji sai ka ba ta misalai ta tsamo ƙa'idar da kanta. Tunanin ya daɗe. Frank Rosenblatt ya gabatar da na'urarsa mai koyo tun 1958. Abin da ya sauya shi ne yawan bayanai da ƙarfin kwamfuta, musamman daga 2012 lokacin da ɗaliban Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka yi wa kowa fintinkau a gasar gane hotuna ta ImageNet. A aji, aikin da aka saba farawa da shi shi ne gane lambobin da aka rubuta da hannu, daga tarin hotuna 70,000 da ake kira MNIST, kowanne ɗigo 28 a tsaye 28 a kwance. Ana horar da na'ura da 60,000, a ɓoye 10,000 don gwaji. Wannan ɓoyewar ita ce ƙa'idar da ba a karyawa. Na'urar da aka gwada da abin da aka horar da ita tamkar ɗalibi ce da ya haddace tsoffin tambayoyi: a maimaita masa su ya cinye, a juya tambayar kaɗan ya faɗi warwas. Idan ɗalibi ya rugo yana murna wai nasa ya ci 100 bisa 100, ba na taya shi murna sai na ga yadda ya raba bayanansa.

Wanda lakcar ajinsa ba ta ishe shi ba yana da inda zai ƙara. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig sun buɗe ajinsu na Stanford a intanet, mutane kimanin 160,000 suka yi rajista, kuma tun daga nan ƙofar ba ta rufe ba. Jami'ar Harvard tana da kwas ɗin CS50 na gabatarwa ga AI da Python kyauta, kuma tsarinsa ya yi kusa da abin da na zayyana. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tana da CS188, wanda jingoginsa na wasan Pac-Man suke a buɗe ga kowa. Ka zaɓi ɗaya ka bi shi a jere da ajinku. Masu tara bidiyo ashirin a waya ba sa gama ko ɗaya.

Yawancin lakcarori kan rufe kwas da ɗan ƙaramin aiki na kashin kai, kuma a nan ɗalibin da ke jin Hausa yake da abin da wasu ba su da shi. Manyan manhajojin nan da Turanci aka fi ciyar da su, rubutun Hausa a intanet kaɗan ne idan aka kwatanta, shi ya sa suke tuntuɓe a harshenmu. Akwai masu aiki a kan haka. Ƙungiyar Masakhane ta haɗa masu bincike kan harsunan Afirka, akwai HausaNLP, kuma a 2022 aka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Igbo da Yarbanci da Pidgin da mutane suka bi ɗaya bayan ɗaya suna tantance na yabo da na suka da na tsaka-tsaki. Irin waɗannan bayanai a buɗe suke, ɗalibi na iya saukewa ya gwada. Sai dai ci da zuci ke kashe ayyukan ɗalibai. Wanda ya ce zai gina mai fassara Hausa da Turanci cikin mako uku zai ƙare da shafin farko mai kyau da uzuri. Wanda ya ce zai tara kanun labarai ɗari biyar ya koya wa na'ura ta raba na wasanni da na siyasa da na noma, zai gama, kuma zai gano cewa fiye da rabin lokacinsa ya tafi ne wurin share bayanan: wani ya rubuta haruffa da ƙugiya wani babu, wani ya gutsure kalma, wani ya cakuɗa da Turanci, labari guda kuma ya shigo sau uku daga shafuka daban-daban. Idan kwafi ɗaya ya faɗa ɓangaren horo ɗaya kuma ɓangaren gwaji, sakamakon zai yi kyan da ba na gaskiya ba, don haka sai an tace maimaici tukuna kafin a raba.